Da gaske annabawan dā sun faɗi haihuwar Almasihu tun kafin a haife shi?

Tambaya daga wani tela a Aboabo, Kumasi:

"Malam, barka da aiki. Ni Musulmi ne, shagonmu ɗaya da wani abokin aikina Kirista, shekara 6 ke nan muna cin abinci kwano ɗaya. Da Bronya, wato Kirsimeti, ta matso sai ya kunna wa'azi a wayarsa, na ji mai wa'azin yana cewa annabawa sun faɗi zuwan Yesu a wurare fiye da 300, har garin da za a haife shi da irin uwar da za ta haife shi, ɗaruruwan shekaru kafin abin ya faru. Na ce abokina ya nuna mini, ya ce shi dai haka ya taso ya ji. Ba gardama nake nema ba. Ina waɗannan maganganu suke? Ba bayan an haife shi aka koma aka rubuta su ba? In kuma a fili suke, me ya hana Yahudawa, masu littafin, su yarda?"

Ƙanena, sannu da aiki, Allah ya sa wa allura albarka. Tambaya uku ka ɗinke wuri ɗaya: ina maganganun suke, yaushe aka rubuta su, me kuma ya sa waɗanda suka riƙe littafin tun asali ba su ga abin da Kirista ke gani ba. Ya kamata ka san da wa kake magana. Ni Kirista ne, na ba da gaskiya cewa Yesu shi ne Almasihun da aka yi alkawarinsa. A zango aka haife ni, dangin mahaifiyata duk Musulmi ne, kuma na fi shekara 20 ina koyar da Tsohon Alkawari, wato littattafan da suka gabaci Linjila, ga matasa masu shirin aikin coci da kuma dattawan da ke zuwa karatun Laraba da yamma. Zan nuna maka inda hujjarmu take tsaye da ƙafarta, da inda sai da bangaskiya ake ƙarasa tafiyar.

Lissafin 300 ɗin nan ka ajiye shi gefe tukuna. Ina jinsa a bakin masu wa'azi a kasuwar Kejetia da cikin motocin haya na trotro, amma ban taɓa koya wa ɗalibaina shi ba. Ana kai wa wannan adadi ne in an tattara duk ayar da ta yi kama da wani abu a rayuwar Yesu, daga haihuwa har gicciye da tashi, kama da wane kuwa ba ta wane. Waɗanda suka shafi haihuwar kanta 'yan kaɗan ne. Matiyu ya kawo guda 5 a babi biyu na farkon Linjilarsa, Luka ya gina labarinsa a kan alkawarin da aka yi wa Dawuda, sai wasu ayoyin Ishaya da ake karantawa a coci a watan Bronya. Markus da Yahaya ba su ba da labarin haihuwar ba ma.

Kujerar da ta daɗe babu mai zama

Kalmar Almasihu tushenta Ibrananci ne, ma'anarta wanda aka shafa wa mai. Bani Isra'ila mai suke zuba wa sabon sarki a ka, kamar yadda mu muke naɗa rawani. Da aka juya kalmar zuwa Helenanci ta zama Kiristos, daga nan sunan Kirista ya fito. Saboda haka da farko kowane sarki daga gidan Dawuda shafaffe ne, har a Ishaya 45:1 an kira Sairus sarkin Farisa da wannan suna, alhali shi ba Bayahude ba ne.

Komai ya faro daga 2 Sama'ila babi na 7. Kimanin shekara 1000 kafin Miladiyya annabi Natan ya kawo wa Dawuda saƙo cewa gidansa da gadon sarautarsa za su tabbata har abada. Zuriyarsa ta yi mulki a Urushalima kusan shekara 400. Sai a wajen 586 sojojin Nebukadnezzar na Babila suka ƙone birnin da Haikalin, babban ɗakin ibadarsu, suka yanka 'ya'yan sarki Zadakiya a kan idonsa, suka ƙwaƙule masa idanun, suka tafi da shi cikin sarƙa. Daga ranar babu jikan Dawuda da ya sake hawa wannan gado.

Mu mutanen Kumasi ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ciwo ba. A 1896 Turawan Ingila suka kama Asantehene, sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, suka kai shi Elmina, suka wuce da shi Saliyo, daga baya tsibiran Seshel. Asantawa, waɗanda iyayenmu ke ce wa Tonawa, suka ɓoye kujerar zinariya, suka yi yaƙi a kanta a 1900 ƙarƙashin Yaa Asantewaa. Sai 1924 sarkin ya dawo, kuma sai 1935 aka maido da sarautar Asante da cikakken sunanta. Shekara 28 suka jira dawowarsa, har yau ana ba da labarin da zafi. Yahudawa kusan shekara 600 suka yi: Babila, Farisa, Helenawa, sannan Romawa daga 63 kafin Miladiyya. A tsakiya sun sami sarakuna nasu na ɗan lokaci, amma daga gidan firistoci suke, ba jinin Dawuda ba.

Mutumin da Allah ya ce masa "har abada", ya duba ya ga kango, ɗayan biyu zai yi. Ko ya ce alkawarin ya mutu, ko ya ce da saura. Masu tsoron Allah a cikinsu suka ce da saura, suka koma suna karanta annabawansu da idon mai jira. Ishaya 11:1 ya ce toho zai fito daga kututturen Yesse, mahaifin Dawuda. Bahaushe ya riga ya san wannan magana: sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Irmiya 23:5 ya yi zancen reshe mai adalci da za a tsiro wa Dawuda. Akwai wata addu'ar Yahudawa ta ƙarni na farko kafin Miladiyya, cikin waƙoƙin da aka jingina wa sunan Sulemanu, tana roƙon Allah ya ta da ɗan Dawuda ya tsarkake Urushalima daga baƙi. Jiran Almasihu ke nan Kirista sun tarar da shi ne a gidan da aka haife su.

An koma an rubuta ne?

Wannan ita ce mafi sauƙin amsawa. A 1947 wasu makiyaya Larabawan ƙauye suka shiga wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, suka tarar da tuluna da naɗaɗɗun fatu a ciki. Ɗaya daga ciki littafin Ishaya ne, babi 66 ɗinsa duka, tsawonsa ya haura mita 7. Masana irin rubutun hannu sun sa shi wajen 125 kafin Miladiyya, gwajin da aka yi wa fatar a ɗakin bincike shi ma ya nuna ta girmi zamanin Yesu. Yana ajiye a gidan tarihi a Urushalima, hotunansa suna intanet, mai jin Ibrananci zai iya karanta ayoyin da muke zance da idonsa. Bayan wannan, Yahudawan Iskandariya ta Masar sun fara juya littattafansu zuwa Helenanci tun ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa ita ce ta uku: Yahudawan da ba su yarda da Yesu ba, su ne suka yi ta kwafar waɗannan littattafai shekara da shekaru, kuma ayoyin suna nan a nasu kamar yadda suke a namu. Babu wanda zai ƙara wa littafinsa abin da abokin gardamarsa zai kafa masa hujja da shi.

Rigimar ke nan tana kan ma'ana. Nan ne aikin yake.

Baitalami

Annabi Mika mutumin ƙauyen Moreshet ne, tsaran Ishaya, a ƙarni na 8 kafin Miladiyya. A babi na 5 aya ta 2 ya yi wa Baitalami Efrata magana: ke ƙarama ce cikin dangogin Yahuza, amma daga cikinki wanda zai mulki Isra'ila zai fito, wanda asalinsa tun zamanin dā ne. Baitalami ƙauye ne kimanin kilomita 9 kudu da Urushalima, garin da Dawuda ya yi kiwon tumaki. A ganina wannan ce ayar da ta fi tsayuwa da kanta, domin Yahudawa ma sun karanta ta a kan Almasihu. Tsohuwar fassararsu ta Aramiyanci ta sa kalmar Almasihu ƙarara a wannan wuri. A Yahaya 7:42 za ka ji taro suna gardama, wasu suna ƙin Yesu saboda sun san shi mutumin Galili ne, alhali Nassi ya ce daga Baitalami Almasihu zai fito.

Akwai masana tarihi da ke cewa saboda ayar ce Matiyu da Luka suka kai haihuwar Baitalami, shi kuwa a Nazarat aka haife shi. Sukan ƙara da cewa ƙidayar jama'a ta gwamna Kiriniyus da Luka ya ambata, tarihi ya san a shekara ta 6 Miladiyya aka yi ta, alhali sarki Hirudus da Matiyu ya ambata ya mutu a 4 kafin Miladiyya. Wannan wuya ce ta gaske, ina faɗa wa ɗalibaina ita, ba na rufe ta da tabarma. Abin da nake dubawa shi ne, marubutan biyu kowa da hanyarsa ya bi: Matiyu da tauraro da masana daga gabas da gudu zuwa Masar, Luka da makiyaya da komin dabbobi. Da alama ba su kwafi juna ba. Duk da haka sun haɗu a kan Maryamu da Yusufu, da cikin da aka samu kafin su tare, da sunan da mala'ika ya bayar, da zamanin Hirudus, da haihuwa a Baitalami da girma a Nazarat. In shaidu biyu suka sha bamban a kan ƙananan abubuwa suka haɗu a kan ƙashin maganar, alƙali yakan ɗauka labarin ya girme su duka biyun.

Budurwa za ta yi ciki

Yanzu ga ayar da ta fi kowace shahara, Ishaya 7:14, kuma ita ce aka fi karantawa a yanke, babu kai babu gindi. Bari in ba ka labarinta.

Wajen 734 kafin Miladiyya, sarki Ahaz na Yahuza, jikan Dawuda, ya shiga tsaka mai wuya. Rezin sarkin Dimashƙu da Feka sarkin Isra'ila ta arewa sun haɗa kai za su tsige shi su naɗa nasu. Littafin ya ce zuciyar sarki da ta jama'arsa ta kaɗa kamar itatuwan jeji a cikin iska. Allah ya aiki Ishaya, riƙe da hannun ƙaramin ɗansa, ya sami Ahaz a bakin magudanar ruwan birnin. Ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, sarakunan nan biyu guntayen bakin wuta ne masu hayaƙi kawai. Ya ce ya roƙi alama, ko daga zurfin ƙasa ko daga can sama. Ahaz ya ƙi, ya ce ba zai jarraba Ubangiji ba. Maganar kamar ta mai tsoron Allah, amma 2 Sarakuna 16 ya nuna inda ya dogara: ya kwashe azurfa da zinariyar Haikali ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya ya zo ya cece shi. Sai Ishaya ya juya ga gidan Dawuda gaba ɗaya ya ce Ubangiji da kansa zai ba su alama: ga budurwa za ta yi ciki, ta haifi ɗa, ta raɗa masa suna Immanuwel, wato Allah yana tare da mu. Aya ta 16 ta ci gaba: kafin yaron ya san ƙin mugunta da zaɓen nagarta, ƙasar sarakunan nan biyu da kake tsoro za ta zama kufai. Haka aka yi. A 732 Dimashƙu ta faɗi aka kashe Rezin, Feka kuma wani nasa ya kashe shi a wannan tsakani.

Ka ga ke nan akwai yaron da aka haifa a zamanin Ahaz, wanda girmansa ya zama agogon wannan alkawari. Wasu sun ce ɗan Ishaya ne da aka haifa a babi na 8. Tsofaffin malaman Yahudawa da yawa sun ce Hezekiya ne, ɗan Ahaz, ko da yake in ka bi lissafin shekarun da ke 2 Sarakuna za ka ga an riga an haifi Hezekiya kafin ubansa ya hau mulki.

Ranar da na fara koyar da wannan a karatun Laraba, wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai, wadda ba ta taɓa fashin zuwa ba, ta ajiye mayafinta a cinya ta dube ni ta ce, "Malam, to Immanuwel ɗinmu fa? Ka ba Ahaz shi ke nan?" Idonta ya kawo ruwa. Na yi ta bayani har aka tashi, na san ban gamsar da ita ba. Da mako ya zagayo, ita ta zo mini da amsar. Ta ce, "Na yi tunani a bakin kasko. Na Ahaz kuɗin gaisuwa ne. Na Maryamu shi ne sadaki da tarewa. Aure ɗaya ne." Har yau da maganarta nake koyarwa.

Sai batun kalmar. A Ibrananci Ishaya ya ce "alma". Kalmar ba ta kai sau 10 ba a Tsohon Alkawari duka. An kira Rifkatu, matar Ishaku, da ita a bakin rijiya kafin aurenta, an kira yayar Musa da ita lokacin da take gadin kwandon ƙanenta. Ma'anarta yarinyar da ta isa aure. Akwai wata kalma, "betula", wadda ta fi karkata ga wadda ba ta san namiji ba. Turawa sun sha wahalar wannan wuri saboda harshensu ya tilasta musu su zaɓi ɗaya cikin kalma biyu. Mu Hausa ta hutar da mu. In ka ce "budurwa", me kake nufi? Yarinyar da ta tasa ba ta yi aure ba. Ba ka rantse a kan budurcinta ba, amma a gidan mutunci shi ake ɗauka, ba a ma tambaya. Kusan haka "alma" take. Yahudawan da suka juya Ishaya zuwa Helenanci, tun kafin a haifi Yesu, suka zaɓi "fartenos", wadda ta fi nauyi wajen budurci, kuma wannan fassarar Matiyu ya ɗauko. Bayan da Kirista suka riƙe ayar, sababbin masu fassara na Yahudawa a ƙarni na 2 suka koma ga kalmar da ke nufin yarinya matashiya kawai. Wajen shekara ta 160 wani Kirista mai suna Jastin ya rubuta muhawararsa da wani Bayahude, Tirifo, a kan wannan kalma da kuma Hezekiya. Gardamar da kake ji yau ta haura shekara 1,800.

Wani abu da masu wa'azi ba su cika faɗa ba: a rubuce-rubucen Yahudawan da suka gabaci Yesu ba a sami inda ake jiran Almasihu ya fito daga cikin budurwa ba. Wannan ya rage ƙarfin masu cewa kowa ya san ayar sarai. Amma ya rage na masu cewa an ƙago labarin Maryamu don a cika ayar, tunda babu wanda yake jiran a cika ta haka. Wa zai jawo wa uwar ubangidansa zargi saboda abin da ba a nema ba? Abin da ya fi kama hankali shi ne, labarin cikin Maryamu yana hannun masu bi tun farko, sai Matiyu ya buɗe Ishaya ya ce, ashe ga shi nan.

In abokinka ya rasa amsar me ya sa aka raɗa masa Yesu ba Immanuwel ba, wannan a zango ba ya buƙatar malami. Akwai sunan yanka, akwai sunan da ke faɗin ko wane ne kai. Sulemanu ma annabi Natan ya ba shi suna Yedidiya, ƙaunataccen Ubangiji, ba a kuwa kira shi da shi a kasuwa ba.

Abin da Matiyu ke nufi da "domin a cika"

Yawancinmu in mun ji annabci, hankalinmu yakan tafi ga mai duba: ya zana ƙasa ya ce ran kaza abu kaza zai faru. Da wannan awo in ka auna Matiyu, za ka ce ya yi kuskure. Ya ce komowar jariri Yesu daga Masar ta cika Yusha'u 11:1, "daga Masar na kirawo ɗana". Buɗe wurin ka gani: Yusha'u baya yake dubawa, yana zancen al'ummar Isra'ila da fitowarta a zamanin Musa. Ya ce kashe jariran Baitalami ya cika Irmiya 31:15, Rahila matar Yakubu tana kukan 'ya'yanta a Rama. Irmiya kuwa zancen kamammun da aka tara a Rama za a kora su Babila yake. Na biyar cikin waɗanda Matiyu ya kawo, cewa za a kira shi Banazare, wato mutumin Nazarat, babu annabin da ya faɗe shi da waɗannan kalmomi. Malamai da yawa suna ganin wasa da kalma ne a kan "netser", tohon nan na Ishaya 11:1.

Matiyu ya san duk wannan, masu sauraronsa na farko kuma Yahudawa ne da suka haddace wuraren. Abin da yake cewa shi ne Allah yana da irin ɗinkinsa, wanda ya san hannunsa zai gane shi a sabuwar riga. Isra'ila ɗan Allah ne da aka fitar daga Masar ya kasa biyayya a jeji. Ga wani Ɗa ya sake bin wannan hanya, Masar, ruwa, kwana 40 a jeji, shi kuwa bai faɗi ba.

Kai tela ne, bari in yi maka da yarenka. Ishaya 9:6-7 ya ce an haifa mana yaro, mulki zai kasance a kafaɗarsa, za a kira shi Mashawarci Mai Banmamaki, Allah Maɗaukaki, Uba Madawwami, Sarkin Salama, mulkinsa ba shi da iyaka a gadon Dawuda. Mai yiwuwa ne mutanen Urushalima sun fara rera wannan ga wani ɗan sarki na zamaninsu. To, babbar riga ce aka yanka. An sa wa Hezekiya, sarkin kirki ne, amma ta ja ƙasa: ya mutu, ɗansa Manassa ya fi kowa ɓarna. An gwada wa sarki Yosiya, aka kashe shi a yaƙi a Magiddo a 609. Rigar ta zauna a rataye ɗaruruwan shekaru. Bangaskiyar Kirista ita ce Yesu ne ya sa ta ta zauna masa cif, kuma tun farko awonsa aka ɗauka.

Ka lura da inda aka fara ganin haka. Almajiran ba su zauna da jerin ayoyi suna yi wa jariri maki ba. A Luka 24, bayan tashin Yesu daga matattu ne ya bi wasu biyu a hanyar Imuwasu yana buɗe musu Musa da annabawa, sannan suka gane. Daga kabarin da suka shaida babu kowa a ciki suka waiwaya suka karanta komin dabbobi. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina kada su ɗauki waɗannan ayoyi kamar sanda su shiga zango da ita. Ga wanda ya gaskata tashin, ayoyin suna haske kamar fitila. Wanda bai gaskata ba yana iya karanta su da hankalinsa da gaskiyarsa ya tsaya a kan Ahaz, kuma ba taurin kai ya yi ba.

Me ya hana Yahudawa?

Da farko, wasunsu sun yarda. Maryamu, Yusufu, Bitrus, Bulus, da tsohuwa Hannatu da ta ga jaririn a Haikali, duk Yahudawa ne. Amma mafi yawa ba su bi ba, kuma dalilinsu daga littafin yake. Babi na 11 na Ishaya da ya yi zancen toho, shi ne ya ce kyarkeci zai zauna da ɗan rago, sanin Ubangiji zai cika duniya kamar yadda ruwa ya cika teku. Ishaya 2:4 ya ce al'ummai za su ƙera takubansu su zama garemani, ba za a ƙara koyon yaƙi ba. Bayahude zai ce maka: ina salamar? Romawa sun gicciye wanda kuke faɗa, shekara 40 bayan haka suka rushe Haikalin. A wurinsu ana gane Almasihu ne da aikin da ya gama, wurin haihuwa bai isa ba. Sun gwada wannan awo a kan nasu ma. Babban malaminsu Rabbi Akiba ya ɗora ayar tauraron da zai fito daga Yakubu, Littafin Ƙidaya 24:17, a kan Bar Kokba da ya tayar wa Romawa a 132 Miladiyya. Da aka kashe shi a 135, maganar ta mutu tare da shi.

Amsarmu ita ce zuwan biyu ne. Na farko na bawan nan mai shan wuya na Ishaya 53, wanda aka soke saboda laifofin wasu. Na biyu na sarauta da shari'a, shi muke jira. Na yarda da wannan da zuciya ɗaya. Na kuma san cewa a kunnen Bayahude yana iya zama kamar an ɗage ranar biyan bashi, ba na kuwa raina shi don ya ji haka.

Kai kuma da ka yi tambayar, a kan haihuwar kanta kun fi Yahudawa kusa da mu. Ina yaro na sha zama kusa da kawuna a watan azumi yana karanta Suratu Maryam, in ya kai inda take cewa ta yaya za ta sami ɗa alhali wani mutum bai taɓa ta ba, sai muryarsa ta yi rawa. Kusan tambayar da ta yi ke nan a Luka 1:34. Suratu Ali Imrana aya ta 45 ta kira shi Almasihu Isa ɗan Maryam. Inda muka rabu shi ne ma'anar Immanuwel. Mu muna cewa Allah da kansa ya zo ya zauna tare da mu a cikin wannan yaro. Musulunci ya ƙi wannan ƙarara, ya ce Annabi Isa manzo ne kuma bawan Allah. Rabuwa ce babba, ba zan shafa mata mai ba. Tafsirin waɗannan surori fagen malamanku ne, gare su za ka kai wannan ɓangare.

A makon Bronya coci-cocin Metodis da Angilikan da wasunsu a nan Kumasi sukan yi daren karatu 9 da waƙoƙi, tsarin da ya faro a Ingila a 1880. A jerin da aka fi bi ana farawa daga Farawa 3, a bi ta alkawarin Ibrahim, a karanta Ishaya 9 da 11, a ƙare da Yahaya babi na 1. Abokinka ya sha jin su a jere haka, guntu-guntu tsakanin waƙoƙi, shi ya sa ya san daɗinsu bai san mazauninsu ba. Ka ce ya zo shago da Littafi Mai Tsarki, na Hausa ko na Tonanci, duk wanda kuka fi ji. Ranar da aka ɗauke wuta kekuna suka tsaya, ku buɗe Ishaya 7, aya 25 ce kacal. In kun kai ta 16 ku dakata, ku tambayi juna wane yaro ne wannan. Sannan ku ci gaba har ƙarshen babi na 11 kafin ku taɓa Matiyu.